Karan da Labbo Ya Ƙi Kwancewa

Duk wanda ya je kallon dambe tsakanin Anka da Bukkuyum a shekarun nan ya san Labbo na Bagega. Ba wani ƙato ba ne. In ka same shi a rumfar fawa yana yanka nama sai ka raina shi. Abin da yake da shi zuciya ce, ita ma ba da ita aka haife shi ba, gina masa ita aka yi.

Wanda ya gina ta Gwadabe ne, tsohon ɗan damben da haƙora huɗu suka rage wa a baki. Yakan sa Labbo ya yi ta dukan buhun yashi har fatar hannu ta saɓule, in ya yamutsa fuska a koma farko. Karatunsa ɗaya ne kullum: "Kak ka bari kowa shi san inda kaka jin ciwo. Kai kanka ma kak ka sani." Labbo ya haddace wannan fiye da yadda ya kamata. A dambe, wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya kashe Labbo.

Da zinari ya fashe a yankin, ya ajiye wuƙa ya kama aiki a injin niƙa dutse. Wasu na ɗaure hanci da tsumma, shi kuwa dariya yake yi musu. Ana ta kai yara kushewa, aka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar, bai fasa ba. Cikinsa ya riƙa murɗawa, ya cije. Wata safiya a 2013 kofin koko ya suɓuce masa, ya duba sai ya ga hannun damansa ya langaɓe daga wuyan hannu, ya ƙi tashi. Wani ma'aikacin lafiya ya ce masa dalmar ce, lallai ya bar injin, ya bar dambe, ya nemi asibiti tun da sauran gyara.

To, a makon ne aka sa masa ranar dambe da Dodo na Gummi, saura kwana biyar. Labbo ya shiga ɗaki ya naɗe hannun da kara, wato igiyar da 'yan dambe ke ɗaure dunƙulen hannu da ita. Ikon Allah, hannu ya tsaya cak! Daɗi ya kama shi. Ya kwance, ya jiƙa igiyar da ruwa don ta ƙara tsukewa in ta bushe, ya sake naɗawa da haƙori. Ɗan dambe kan kwance kara da zarar an tashi wasa. Labbo ya san in ya kwance, hannun zai faɗi gari ya gani, saboda haka ya kwana da shi, ya wuni da shi.

A rana ta uku Innarsa ta ga damtsen ya kumbura yana ƙyalli. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗan fari.

"Kai wanga, mi ya samu hannunka? Kwance shi in gani."

"Lahiya lau ni ke, Inna. Ba ni jin komi."

"Shi ne abin da ka ba ni tsoro," in ji ta, ta juya tana share ido.

A Gummi kalangu ya ɗauka, fage ya cika. Turmi uku suka yi. Dodo ya fasa masa gira, ya kumbura masa leɓe, amma gwiwar Labbo ba ta taɓa ƙasa ba. Shi ma ya yi ta jefa hannun nan kamar taɓarya, kuma a karon farko a rayuwarsa bai ji zafi ba ko kaɗan. Bawan Allah, har murmushi ya yi. A zatonsa ya kai matsayin da Gwadabe yake nufi.

Gwadaben ne ya zo kwance masa kara a bayan fage, cike da alfahari. Zagaye biyu ya warware, wari ya buge shi. Yatsun sun yi baƙi ƙirin. Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa. A kan babur aka fitar da Labbo zuwa titi, a asibitin birni aka yanke hannun daga ƙasan gwiwar hannu.

Ni wannan labari haushi yake ba ni, don ban san wanda zan zaga ba. Labbo na nan a Bagega, yana zama a inuwar rumfar da ba ya iya yanka a cikinta. Masu tasowa a dambe har yanzu suna zuwa ya koya musu taurin zuciya, suna yi masa kirari da wanda ba a taɓa kashewa ba. Yakan dube su ya ce su tafi gida. Ba su san cewa kowace safiya, kafin ya fito, tsohuwar Innarsa ce ke durƙusawa ta ɗaure masa tazugen wando ba.