Samosar leda da walimar gidan Inna

Shekarun baya, ina goyon ɗana na biyu, na koma aiki ke nan daga hutun haihuwa, sai ga azumi ya kama. Aikin jinya nake yi a wani ƙaramin asibiti a Hanwa, gidanmu kuma yana Tudun Wada. Kafin in miƙa aiki, in samu abin hawa, in biya gidan yayata in ɗauko yaro, la'asar ta yi sakaliya. In shigo gida ƙafa a kumbure, ban dama kunu ba, ban surfa wake ba, ga yaro yana tsala ihu a baya.

A layinmu kuwa maza ciyayya suke yi. Ana idar da sallar magariba za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a ci tare. Abu ne mai kyau, ban ce ba. Amma mu mata mun san jarrabawa muke zaunawa kullum, don ana buɗe kwano an san na gidan wane ne. Maigidana kuma, Allah ya shirye shi, mutum ne mai son a ce da shi madalla. In aka dawo da kwanonmu da saura, ranar har sahur fuskarsa a murtuke take.

Wata abokiyar aikina ce ta ga yadda nake gyangyaɗi a kan fayil, ta kai ni wani shago a wajen Kwangila. Firiza ce jere a bango, kowace cike da abinci daskararre a leda. Ga dankalin turawa an fere an yanka, ga samosa an naɗe, har da wani dankali da aka gasa da ɓawonsa aka cusa masa cuku, wai ɗumamawa kawai za ka yi. Shi wannan sau ɗaya na saya, na ci rabi na zuba wa kaji sauran, don dankali ne dai irin wanda muka sani, tsada kawai ya fi shi da ita. Amma samosar, gaskiya ɗaya ce, ta yi daɗi. Ka ɗora mai, ka zuba, kafin ladan ya gyara murya ka kwashe.

Ranar farko da kwanonmu ya fita da samosa, a wanke ya dawo. Maigidana ya shigo yana washe baki, wai har liman ya tambayi daga wane gida. Na ce, "To ka gaya musu daga leda?" Ya ce, "Wace irin magana ce wannan? Ba ke kika soya ba?" Muka yi dariya. Ku riƙe wannan da kyau, jama'a: ya san komai. Shi yake ɗaukata a mashin ranar Asabar mu je mu sayo, shi yake riƙe min ledar a kan tanki.

Gidan da ke manne da namu na wata dattijuwa ne da duk layin ke kira Inna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da sana'ar ƙuli-ƙuli ta rene 'ya'yanta. Ranar da na haihu ita ta fara shigowa, ita ta dafa min ruwan wanka har na yi arba'in. Saboda haka duk abin da na soya a azumin nan sai na zuba nata na miƙa ta katanga. Autarta kuma ta sauke Alƙur'ani a Islamiyya, an sa walima sati biyu bayan salla.

Wata rana sai maigidana ya shigo yake ce min, kamar wanda ke ba da labarin kasuwa, "Af, na haɗu da Inna a ƙofar gida tana ta yabon samosarki. Na ce mata ta bar miki ta walima gaba ɗaya."

Na ajiye ludayin da ke hannuna. Na ce, "Malam, ka ce mata me?"

"Guda ɗari uku ne kawai."

"Ni da ban taɓa naɗe ko ɗaya ba a rayuwata? Wa ya aike ka?"

Ya ce, "To mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Sai mu sayo. Wa zai sani?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta faɗa har ya ɗauki hularsa ya fice. Amma a nan zan tsaya in faɗi nawa laifin. Katanga ɗaya ce tsakanina da Inna. Da na leƙa na ce, "Inna, ta saye ce," da shi ke nan, an yi dariya an wuce. Ban leƙa ba. Yabon ya riga ya shiga kaina, matan layi sun fara gaishe ni da wata irin murya, ni da a da ake ce wa 'yar boko ba ta iya tuƙa tuwo ba. Na ce bari in bari sai gobe, goben nan har aka yi salla ba ta zo ba.

Ana saura kwana biyu walima, Inna da kanta ta yi sallama da kaya niƙi-niƙi. Fulawa a roba, nama an niƙa, mai a galan, albasa da attarugu. Ta ce, "Ga shi, 'yata. In bai isa ba ki yi magana, kar ki sa naki." Na san ƙuli-ƙuli nawa ta murza kafin ta haɗa wannan kayan. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Zai isa, Inna." Da ta tafi na soya naman sama-sama don kar ya lalace, na tura fulawar bayan buhun shinkafa kamar kayan sata.

Ranar Juma'a da yamma muka je shagon. Mai shagon ya fito mana da ledoji, na ɗaga ɗaya na ji ta zama dunƙule guda kamar bulo. A da in ka girgiza ledar za ka ji samosar tana motsi ɗai-ɗai. Wannan kuwa duk sun manne, ga ƙanƙara ta taru a gindin leda, launinta ya ɗan yi ja. Na ce, "Alhaji, lafiya waɗannan?" Ya ce, "Hajiya, sanyi ne ya kama su da kyau." Ni da nake koya wa masu jinya yadda za su adana abinci, ni na karɓi wannan amsar na yi godiya, saboda ba ni da wata mafita kuma ba na so in sani.

Asabar da hantsi na ɗora mai. Zubin farko, samosar ta fara fashewa tana tsartuwa, ruwa yana fita daga cikinta. Sai wari ya taso, irin tsamin naman da ya kwana a rana. Na fasa ɗaya, cikin ya yi yauƙi. Na buɗe leda ta biyu, ta uku, har ta ƙarshe, duk haka. Walima kuma bayan azahar ce.

Na kira mai shagon a waya. Da farko ya ce firizata ce. Na ce jiya da yamma na ɗauka, kuma mu layinmu da wuta muka kwana. Sai ya sauya murya. "Hajiya, kwana biyar ba mu ga wuta ba a nan. Kin san kuɗin mai kuwa? Ba zan iya barin injin wuta yana ci ba dare ba rana. Da safe nake tayarwa, su sake kamawa." Wato kaya su narke su kwana a ruwa, gari ya waye ya sake daskarar da su ya sayar wa mutane. Na ce, "Ka ji tsoron Allah, yara ne za su ci!" Ya ce kayan da ya fita daga shago ba ya dawowa, ya kashe wayarsa. Har yau in na tuna muryar mutumin nan sai raina ya ɓaci.

Ban gama da wannan ba maigidana ya shigo kicin, ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya yatsine fuska. Sai ya ce, "Ki soya su sosai su yi ƙaramau, ki barbaɗa yaji. Cikin hayaniya ba wanda zai lura."

Na dube shi. Na ce, "'Yan Islamiyya ne za su ci, wasu ba su fi shekara biyar ba. Gobe in aka kwaso su ana amai da gudawa, asibitinmu za a kawo su, ni zan sa musu ruwa. Ka fita min daga kicin." Tun da muka yi aure ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Ya fita kuwa.

Na janyo fulawar daga bayan buhu, na ɗauki naman da man, na yafa mayafi na shiga gidan Inna. Tsakar gida cike da mata, ana wankin shinkafa, ana tace zoɓo. Suna ganin fulawa ɗanya a hannuna hira ta tsaya. Na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai, tun daga ranar farko. Ban rage ko ɗaya ba, don ba sauran abin ɓoyewa.

Inna ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta dubi robar fulawar. Sannan ta ce, "Da kin gaya min, 'yata, ai da na raba wa mutane aikin tun da wuri. Mene ne abin kunya a ciki? Ni ma ban iya ba." Ta juya ta ce a kwaɓa fulawar a yi fanke, naman a zuba a dafa-duka. Autar tana bakin ƙofa da lallenta, ta riga ta cika wa ƙawayenta baki cewa walimarta har da samosa. Ta koma ɗaki, ina jin shesshekarta ta labule.

An yi walima, an ci fanke, ba wanda ya kwanta ciwo. Amma kunnuwana sun sha magana. "Ma'aikata ke nan, komai nasu na leda." "Ashe duk azumin nan ƙarya muke ci." Na haɗiye, don na cancanci rabona. Abin da ban haɗiye ba har gobe shi ne, ba mahaluƙi ɗaya da ya ambaci wanda ya yi alkawarin. Yana can ƙarƙashin rumfa da babbar riga ana gaisawa da shi, har ana yi masa jaje wai mata sai haƙuri. Da na tare shi da maganar a gida, cewa ya yi, "Ni na ce ki yi mata ƙarya?" Na ce, "Kai ka fara, ni na ƙarasa, amma ni kaɗai na durƙusa." Sati guda ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Daga baya ya shiga ya ba Inna haƙuri, a ɓoye, ba a gaban matan da suka ga tawa kunyar ba.

Masu tambayata ko abincin firiza ya cancanci a saya, ga amsata. Ina saye har yanzu, kuma ba na jin kunyar kowa, don wanda bai taɓa tashi daga aiki ya tarar da murhu a sanyaye ba bai isa ya yi min wa'azi ba. Amma a garin da wuta ke yin kwanaki ba ta leƙo ba, lafiyarka tana hannun mai shago da injinsa, kuma ba ka nan lokacin da yake kashewa. Ina girgiza leda, in na ji dunƙule in ajiye musu abinsu. Gasasshen dankalin nan kuwa ku bar shi, asara ce. Ba na kuma ɗaukar abincin taron wani in jingina shi da firizar da ba ni nake kwana da ita ba. In kwano zai fita daga gidana, a faɗa cewa na saye ne, wanda ba zai ci ba ya bari.

Ni da Inna mun ci gaba da gaisawa, ba ta taɓa tayar min da zancen ba. Na ɗauka ya wuce. Bayan shekara biyu aka tashi bikin babban ɗanta, aka zauna rabon aiki kamar yadda aka saba a layin. Wannan waina, wannan miya, wannan zoɓo, har amaryar da ta tare wata uku da suka wuce an ba ta yankan kabeji. Na ji shiru, sai na shiga na ce, "Inna, ni me zan yi?"

Ta yi murmushi ta dafa kafaɗata. "Ke dai ki yi kwalliya ki zo, 'yata. Aikin asibiti ma ya ishe ki."

Ranar bikin aka ba ni kujera a cikin baƙin da suka zo daga Kaduna, aka kawo min waina a faranti da cokali. Matan layinmu suna bayan gida cikin hayaƙi, ana tsokanar juna ana shewa, ni ina zaune da gwaggwarona wata baƙuwa tana tambayata ko ni ma daga nesa na zo.