Na Mai Da Yayana Barana A Birnin Kano

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne, autan gidanmu a Furfuri ta ƙasar Bunguɗu. Allah ya ba ni tsawo da zaƙin baki, amma bai ba ni son fartanya ba. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, saboda haka yayana ne ya riƙe ni, ya riƙe Innarmu, ya riƙe gona. Shi gajere ne kakkaura, marar yawan magana, in ka ga haƙoransa to an ambaci Kano ne. Tun muna yara yake tare fatake da tambaya, yana so a ba shi labarin kasuwar Kurmi da karofi da badala, musamman dutsen Dala, wanda aka ce in ka hau za ka ga birnin gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka. Ba fatauci yake so ba, ba ci-rani ba. So yake ya je ya gani da idonsa ya dawo gona.

Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Gusau ba sai Yaya ya sayar da audugarsa da rago ɗaya da yake kiwo, ya ce da bazara za mu tafi mu dawo kafin ruwa ya sauka. Ni ko anini ban sa ba, ya ɗauke ni ne don kada in ce an bar ni. Kuɗin jirgi ya cinye mafi yawan abin da ya tara. Na dawowa ya ɗinke su cikin ɗamara ya ɗaura a ƙugunsa, sauran kuwa ba su taka kara sun karya ba. Muka ƙulla ƙuli-ƙuli da garin gero, muka naɗe babbar rigar saƙi da Baba ya bari, wadda ita kaɗai ce tufar fita kunya a gidanmu, muka shiga jirgi.

A Tsafe wani dattijo ya shigo ya zauna kusa da mu, da ya ji inda za mu da abin da muke riƙe da shi sai ya yi ta dariya. Ya ce a Kano ruwan sha ma saye ake yi, itace saye, wurin shimfiɗa tabarma saye, kuɗinmu ba za su kai mu ko'ina ba. Ya ce masu cin Kano a ɓagas su ne fatake, don fatoma yakan sauke su a gidansa ya ci da su ya shayar da su, shi kuma ya ci la'ada in an sayar da kayansu. Ya faɗa ne a cikin hira, ya sauka a Funtuwa abinsa. Ni kuwa maganar ta zauna mini. Kafin mu kai Zariya na gama tsara wa Yaya dabara: mu ce mu fataken fata ne, jakunanmu na tafe a ƙasa da fatun jar akuya, mu muka riga su a jirgi. Mu ci mu sha, mu ga gari, mu sulale. Sai dai falke ba ya tafiya ba bara, riga kuma ɗaya ce. Yaya ya gwada ta tana jan ƙasa, ni na sa ta zauna daram. Da ya ga ni ne falke shi ne bara, ya ce ƙarya ba kyau, sannan ya yi dariya ya ce to, ai na ɗan lokaci ne, shi dai a kai shi Dala.

Abin da dattijon ya faɗa gaskiya ne, har ya rage. Daga tasha zuwa Fagge mun ga abin da ya sa muka riƙe ɗamara da hannu biyu. Aka nuna mana gidan wani fatoma, na yi sallama da murya irin ta masu dukiya. Da ya ji fatun jar akuya daga Zamfara sai fuskarsa ta washe, ya sa aka share mini ɗaki aka shimfiɗa buzu. Yaya kuwa aka nuna masa rumfa kusa da turken jakai. Na so in yi magana, ya ƙifta mini ido. Da aka kawo tuwon shinkafa da miya mai nama, ni da fatoma muka ci a zaure, abin da muka rage aka miƙa wa barori. A ranar farko tuwon ya tsaya mini a wuya. Ba zan ɓoye maka ba, a rana ta biyu ya wuce lafiya lau.

Kullum da hantsi fatoma yakan ɗauke ni mu shiga birni, wai yana nuna mini masu sayen fata. Na ga Kurmi, na ga raƙuman Buzaye da gishirinsu, na ga marina suna tsoma zane a karofi, Larabawa suka ba ni alkaki da shayi suna kirana falke. Na hau Dala, na tsaya ina kallon soraye da kududdufai har inda ido ya ƙare. Duk wannan Yaya yana gida, don a gidan fatoma baran baƙo na gida ne. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne kwashe kashin jakai, shi ne faskare. In na dawo yakan faki ido ya tambaye ni abin da na gani, in ce gobe zan nemi dalilin fita da shi. Goben nan ba ta zo ba, domin na fara jin daɗin yadda ake durƙusa mini, kuma ina tsoron in an gan mu muna tafe kafaɗa da kafaɗa a gane kamarmu.

Wata rana da la'asar muna zaure da fatoma da waɗansu dillalai, Yaya ya shigo kwashe akussa. Ya gaji, ya ga kwanaki suna tafiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Sai ya manta, ya dafa gwiwata kamar yadda ya saba a gida, ya ce, "Auta, yaushe za mu Dala?" Wani dillali ya fashe da dariya, ya tambaya ko haka barorin Zamfara suke kiran iyayen gidansu. Na ga fatoma ya daina murmushi yana duban fuskata yana duban ta Yaya. Tsoro ya kama ni, kuma tare da tsoron akwai haushi, haushin wai ya zubar mini da girma. Na ɗaga hannu na kwaɗa masa mari, na ce, "Ni kaka ce ma Auta?" Mutumin da ya goya ni, ya yi mini kaciya da kuɗin gumin kansa. Bai taɓa kuncinsa ba. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Na tuba, maigida." Ya kwashe akussan ya fita, dillalai suna yaba mini cewa na iya riƙon bara.

Marin bai hana fatoma zargi ba. Da ya ga jakuna shiru, sai ya ce mini cikin ladabi irin na Kanawa, wanda ya fi zagi ciwo, ya kamata in bi hanya in tarye kayana, in bar barana a wurinsa har in dawo. Na gane jingina yake nufi. A nan ne ya kamata in cire rigar nan in faɗi gaskiya, mu sha duka ko a kai mu gaban alƙali, amma mu sha tare. Ban yi ba. Na kira Yaya a gaban fatoma na ce ya kwance ɗamara ya ba ni guzuri. Ya kwance ya miƙo da hannu biyu, bai ɗago kai ba. Na raɗa masa cewa zan je gida in samo abin da za a biya mutumin nan in dawo da sauri. Na kama hanyar tasha.

Da na iso Furfuri na ce wa Inna da matar Yaya ya samu aiki mai kyau a Kano, ya ce zai ɗan taɓa kafin ya taho. Na yi niyyar komawa, Allah shi ne shaida, amma wa zan tambaya rance ban faɗi dalili ba? Kuɗin jirginsa da suka rage a hannuna na ce zan juya su, suka narke. Ruwa ya sauka, gonar da ban iya ba ta fi ƙarfina, ciyawa ta cinye rabin dawa. Ina nan ina ba samari labarin Kurmi da Dala a dandali, suna buɗe baki, ina jin daɗi, in na tuna inda na baro Yaya sai in ƙara wa labarin gishiri don in manta.

Sai bayan kaka ya dawo, a ƙasa, ta Tsafe, ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, kafaɗunsa duk kanta saboda ɗaukar ruwa. Daga baya na ji daga bakin wani falken goro cewa har ranar da fatoma ya gaji ya kore shi bai taɓa cewa shi yayana ne ba. An zage shi, an doke shi don ya faɗi garinmu, ya ce shi bara ne, maigidansa zai dawo. Da ya shigo gida Inna ta rungume shi tana kuka, ta ce ya ba ta labarin Kanon da ya ƙi dawowa saboda ita. Ya dube ni ya ce, "Tambayi maigida, Inna, shi yag ga Kano. Ni turke da rijiya nig gani." Inna ta ɗauka wasa ne ta yi dariya.

Bai tona mini asiri ba, bai zage ni ba, bai raba gandu ba. Amma daga ranar bai sake ce mini Auta ba. Maigida yake ce mini, a gida da gona da masallaci, in zai gaishe ni sai ya rusuna. Na same shi mu biyu a gona na faɗi ina kuka na nemi gafara, ya ce ai bara ba ya yafe wa maigida, maigida ke yafe wa bara, ya ci gaba da nomansa. Na mayar masa da rigar, ya ce ba ta yi masa. Da na sami hali na ce ya zo mu koma in kai shi Dala, ya ce aiki ya yi masa yawa. Har ya koma ga Allah bai sake shiga jirgi ba.

Abin da na koya, Malam Edita, shi ne rashin kuɗi bai wulaƙanta mu a Kano ba. Da mun kwana a rumfar tasha muna shan garinmu da ruwan saye, da mun ga gari mu biyu mun dawo muna dariyar tsadarsa. Ni ne na ga abin da ya fi ƙarfin aljihuna na biya da mutuncin ɗan'uwana. Yanzu tafiya ta yi sauƙi, samari suna ta kwarara birane da ɗan abin da bai kai ba, kowa yana so a ɗauke shi wani ne. Ina roƙonsu, in kuɗinka na kwana biyu ne ka yi kwana biyu ka dawo, kada ka yarda da dabarar da za ta sa wanda kuka fita tare ya koma ƙasa don kai ka hau sama, ko da wasa ne, ko da shi ya yarda. Ni yau na tsufa, 'ya'yan Yaya da jikokinsa suna zuwa gaishe ni kowace safiya. Sun tashi sun ji abin da ubansu yake kirana, sun ɗauka girmamawa ce, duk Furfuri ma ta ɗauka. Ba sauran mai ce mini Auta a duniya. Su durƙusa su ce maigida an kwana lafiya, ni kuma in amsa.