Kwalba Biyu, Ɗaya ta Liman

Shekara huɗu ina gaya wa mahaifina cewa karatuna a kan inabin da ake yin ruwan inabi ne, kuma ko yau aka kai ni gaban alƙali zan rantse ban yi ƙarya ba. Kalmar ma aro na yi. Maƙwabciyata a College Park, garin da nake karatu a ƙasar waje, wata nas 'yar Filato, ita ta ce min haka ake kiran abin a cocinsu. Ina ji na ce kakata ta yanke saƙa. Da ma na rasa bakin da zan faɗa wa Alhaji, manomin tumatir a Kura, cewa 'yarsa mai hijabi tana digirin digirgir a kan gonakin da ake yin giya da amfaninsu a Afirka ta Kudu.

Ban taɓa ɗanɗana ko ɗigo ba. Aikina bin diddigin zafi da ruwan sama ne, da yadda ɗumamar yanayi ke sa inabi nuna da wuri, da abin da dokar ƙasar ta yarda a rubuta a takardar jikin kwalba. Takardun kuwa raba aiki muka yi da maƙwabciyata: ita ke shanye abin da ke ciki, ni in jiƙa kwalbar in ɓare takardar in adana.

Sai Baba ya ce zai zo ranar da zan kare kundina. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa Uwata yake ce min, kuma tun ina firamare ban taɓa shiga jarrabawa bai dafa kaina ya sa min albarka ba. Wannan karon ma albarkar nake so, fiye da sa hannun farfesoshin.

Kwana biyu da saukarsa ya tsaya gaban hoton gonakin da ke bangon falona.

"Uwata, yaushe suke samun ruwa?"

"Yuni zuwa Agusta, Baba. Amma lokacin sanyinsu ke nan, itacen barci yake. Sai ruwa ya ɗauke yake yin 'ya'ya, a tsinke wajen Fabrairu da Maris, cikin tsananin zafi."

Ya juya maganar a ransa, sai ya yi murmushi. "Ashe 'yan noman rani ne. 'Yan'uwanmu ne."

Da nan na tsaya, da na tsira. Amma baki shi ke yanka wuya. Daɗi ya kwashe ni, na ɗauko takardun kwalabe na baje masa. Na ce idan aka rubuta sunan yanki, dole kowace ƙwayar inabi daga yankin ta fito, ɗari bisa ɗari. Idan kuwa irin inabin ko shekarar girbi aka rubuta, tamanin da biyar cikin ɗari ya wadatar. Sai hukuma ta tabbatar sannan a manna hatimi a wuyan kwalba.

Baba ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da masu algus, masu jera manyan tumatir a saman kwando su cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Idonsa har ƙyalli yake.

"Sha biyar ɗin nan ce ban so ba," in ji shi, "ƙofa ce aka bar wa ɓarawo. Amma dai mutanen nan da tsoron Allah suke. Kwalba biyu za ki samo min, ɗaya tawa, ɗaya tsarabar liman."

Washegari na je kanti na sayo lemon inabi na kwali, na juye a jug na kawo masa da sanyinsa. Ya kurɓa, ya ce ina kwalbar, ina hatimin. Na kawo kwalin. Ya sa ni na karanta masa ƙananan rubutun da ke gefe, sai ga sunan ƙasa uku.

"Algus," ya ce, ya ture kofin.

Ana haka maƙwabciyata ta shigo gaishe shi, ko kayan aikin asibiti ba ta cire ba. Ta durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Baba. Yaya hanya, yaya mutanen gida?"

Baba ya ji Hausa a bakin baƙuwa, ya saki jiki. Ya ce tunda ta fi ni sanin gari, ta taimaka ta samo masa ruwan inabin Afirka ta Kudu mai hatimi, zai kai wa limaminsu. Ina bayansa ina ƙifta mata ido har idon ya fara ciwo. Ita kuwa Baba take kallo.

"Limamin yana sha ne, Baba?"

"Me zai hana? Yana da ciwon suga dai, amma rabin kofi bayan la'asar ba zai yi komai ba."

"Kai, Baba, wannan liman ɗin ya waye. Amma ka gaya masa kar ya yi draibin in ya sha. Yana bugarwa fa."

Ita ce ta fara ganewa. Ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali daga aiki take.

Kwana biyu Baba bai kira ni Uwata ba. "Ke, ina buta?" "Ke, ina alƙibla?" Babbar rigar da ya rataye don ranar, ya ninke ta ya mayar akwati. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji kunya, don na san ni na jawo. Ina zaune gaban kwamfuta ina bitar jawabina, ba na gane ko layi ɗaya.

Ana jibi ranar ya kira ni bayan azahar. Na zauna a ƙasa.

"Kin taɓa sha?"

"Wallahi ban taɓa ba, Baba."

"Kin taɓa sayarwa?"

"A'a."

"Hukuncin karatun, wannan na malamai ne, zan tambaya. Ni abin da ya ƙona min rai daban ne. Shekara huɗu kina kawo min kwando da manyan tumatir a sama. Masu giya ma sun rubuta gaskiyar abin da ke cikin kwalbarsu, ke 'yata kin kasa."

Na yi kuka sosai, na ba shi haƙuri. Bai ce ya haƙura ba, ya dai ce in kawo masa shayi.

Ranar da safe na fito na tarar da shi tsaye bakin ƙofa cikin babbar rigar, ya kafa hula. Ya dafa kaina ya yi addu'ar da ya saba, ya ƙara da cewa Allah ya raba ni da algus. Awa biyu ya yi a kujerar gaba, ba ya jin Turanci, amma duk lokacin da hoton gona ya bayyana a allo sai ya gyaɗa kai kamar shi ya yi mata ban ruwa.

Muna fitowa wayarsa ta yi ƙara. Liman ne, yana tambayar yadda aka ƙare. Baba ya buɗe murya yadda yake yi in yana waya da gida, har ɗalibai na waiwayowa.

"Alhamdu lillahi, Malam, an gama lafiya. Uwata ta zama dakta. A fannin me? A fannin noman rani."

Na tsaya ina kallonsa. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ba ke kika ce tamanin da biyar ya wadatar ba, Uwata?"