Malam Maazou da Almakashin Madam Sofia

Shekara ashirin da biyu, ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun Malam Maazou a gida ba. Metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ke sauke shi unguwar Aubervilliers, a kamfaninmu mai shigo da atamfa da leshi, kuma kafin ya gaisa da ɗan Adam sai ya gaida injuna. Akwai ɗan ɗaki mai sanyi inda ake ajiye suwic, akwatunan da wayoyin kwamfutocin ofis ke haɗuwa a cikinsu. Sai ya ga korayen fitilunsu na ƙiftawa lafiya sannan yake tunawa da mu.

Mutumin Tasawa ne, kuma bai yarda da abu guda ba. Biro biyu ne a aljihunsa, tabarau biyu, har lema biyu. Haka ya shimfiɗa aikinsa: tsakanin kowane suwic da ɗan'uwansa waya biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na kwance tana jiran ranar da ta farko za ta mutu.

Salifou, mai kula da sitonmu na Lyon, shaida ne. Wata rana ya ga waya na reto ƙarƙashin tebur, tausayinta ya kama shi, ya cusa bakinta cikin ƙaramin akwatin da ta fito. Saƙonni suka shiga zagaye ba mafita, ofis ya tsaya cak. Malam Maazou ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ya yi rarrafe da furfurarsa, ya zare ta. Da aka tambaye shi mai laifi, ya ce wayar ce ta ɓata hanya.

Sai dai wanda aikinsa ba ya lalacewa, kamar ba ya aiki ake ganinsa. Saura shekara biyu ya yi ritaya aka kawo sabuwar shugaba, Madam Sofia. Ta duba ta ga rezo, wato haɗin kwamfutocinmu, ba ya faɗuwa, ga wayoyi rututu suna barci, ga dattijo na shan shayi. Ta ce a cire rarar wayoyin, shi kuma a sallame shi ƙarshen wata. Ranmu ya ɓaci ƙwarai, domin wa zai ɗauki mai shekara sittin da biyu?

Bai yi gardama ba. Ya bari tana tsakiyar ganawar bidiyo da Salifou, ya roƙe ta ta biyo shi ɗakin sanyi da kwamfutarta. Ya miƙa mata almakashin yankan atamfa, ya nuna babbar wayar da maganarsu ke bi.

"Madam, yanke ta."

Ta yanke. Fuskar Salifou ta sandare, baki buɗe, na daƙiƙa biyu, sannan ya ci gaba da ƙorafin leshin da bai iso ba. Bai ma san an yi wani abu ba.

"Wadda ke barcin ce ta farka," in ji Malam. "Aikina ke nan." Ya zaro sabuwar waya daga aljihu, domin ko ita da biyu ya zo. Ba a sake tayar da zancen sallama ba.

Malam, kai ne mai tanadin ranar da ba a fata. A shekara biyun nan ka zaunar da Ameena, injiniyar da kowa ya ɗauka rara ce, ka koya mata kowace waya da inda ta dosa.

Ranar Juma'a ya yi bankwana. Litinin fitilu suka wayi gari kore, sai wajen azahar wani ya ɗaga kai ya tambaya ina Malam. Na ji haushi, na kira shi na kai ƙara. Ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau ke nan."

Mun gode, Malam Maazou, Allah ya sa ka huta lafiya. Mu da muka rage, kowa ya duba aikin da ke hannunsa ya tambayi kansa: in an yanke ni yau, wa na tanada?