Naman Layya a Cikin Ƙanƙara

Tun Turawa na ƙasar nan maigidana ya sayi firiji mai kananzir a hannun wani Bature da zai koma gida. Duk layinmu a Tudun Wada mu kaɗai ke da shi. Inna, mahaifiyarsa, ba ta taɓa yarda da abin ba. Ta ce duk abin da ake kunna wa wuta ya fitar da sanyi, akwai munafunci a cikinsa. Ni ma, surukarta, kallon da take mini ke nan.

Da Babbar Sallah Inna ta ware tsokar cinya, rabon babban ɗanta da ke tafiya. Maimakon a soya kamar yadda aka saba, maigida ya lallashe ta aka sa a ɗan akwatin saman firijin. Tafiyar ta yi tsawo, ƙanƙara ta yi ta taruwa har ta toshe bakin akwatin.

Ranar da aka ce Yaya, babban ɗan nata, na hanya, Inna ta leƙa, ba ta ga komai ba sai fari fat.

"Ke, ina naman?"

"Yana ciki, Inna."

"Cikin wa? Na dai ga ƙanwarki ta zo daga Hanwa da kwano a rufe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Idan maganar nan ta fita zaure, na zama mai kwashe kayan miji zuwa gidansu. Na ɗauko wuƙa zan fasa, sai na tuna maigida ya ce in ƙarfe ya huda bututun ciki, firiji ya mutu. Na ajiye, na kashe lagwani, na buɗe ƙofar, na tara tasa a ƙasa.

Inna ta shimfiɗa tabarma a gabansa, wai kada in saka wani naman a ɓoye. Ni kuma na ƙi tashi, don ban san abin da za ta yi idan na juya baya ba. Haka muka wuni, ruwa na ɗiga, tuwon rana ma ba a tuƙa ba. Ko salla sai ɗaya ta idar ɗaya ke tayarwa.

Bayan la'asar ƙanƙarar ta saki, ta faɗo tim, ga nama a naɗe cikin ganyensa. Na miƙa mata da hannu biyu, ina jiran ko kalma ɗaya.

Ta jujjuya shi, ta auna a tafin hannu.

"Hmm," ta ce. "Da na sa shi ya fi haka girma."