Layi Biyu a Bangon Balkisu

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini ta zo mu ji ta, ko da yake mai labarin tana nan da ranta a Cadawa.

A shekarun da aka samu 'yancin kai, Balkisu ce ke share gidan likita da sassafe, ta rataya ma'auni a reshen bedi, ta zauna jiran jarirai. Duk wanda ta auna sai ta ɗiga masa gawayi a bango, wata bayan wata, har ɗigon ya zama layi. Mata kuwa ba'a suke mata: "Balkisu, 'ya'yan namu gyaɗa ce?"

Sai Lami ta haifi tagwaye, Hassan ƙato, Husaini kamar ɗan tsako. Gogo Mairo, uwar mijinta, ta yanke hukunci: nono na ƙaramin ne, babban kuwa ta ɗauke shi tana ɗura masa kunu.

Ranar awo Balkisu ta tsai da ita. "Gogo, dubi nan. Layin Husaini daga ƙasa ya taso, amma hawa yake. Na Hassan daga sama ya fara, ga shi nan kwance kamar tabarma. Kafin kaka ƙaramin zai wuce shi."

"Ke yarinya, na yi goyo tun ba a haife ki ba! Dubi kumatunsa!" Ta saɓa jikanta ta fita, mata na shewa.

Ba a kai kaka ba wuyan Hassan ya langaɓe. Kunya ta hana Gogo bi ta ƙofar likita. Balkisu ce ta je da ƙafarta, ta durƙusa ta gaishe ta, ko bangon ba ta ambata ba. Cewa ta yi, "Gogo, maganarki Lami ke ji. Ki sa ta mai da shi nono." Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙa wa Lami yaron.

Balkisu, ke ce kika ceci ɗa, kika rufa wa tsohuwa asiri. Amma ranar da kika ajiye aiki, garin nan bai taka ya ce miki sannu ba. Wallahi abin kunya ne. Mun gode, Balkisu, Allah ya saka. 'Yan mata masu aikin likita, ku je ku zauna wurinta ku koya.

Gogo ta rasu da jimawa. Lami na garin Agiye wurin Husaini. Hassan na noma a Gazawa, har da jikoki. Balkisu idonta ya yi rauni, amma tana gane murya.