Baka Mai Akwati

Shekarun baya da nisa, zamanin da sojojin Nasara suke ratsa Gangara a kan raƙuma, ina saurayi masassaƙi, turmi da akushi su ne iyakar sanina. Yayana kuwa maharbi ne, shi ya gaji kwarin mahaifinmu. Wata damina kububuwa ta sare shi a gona. Ya rayu, amma yatsu biyu na hannun damansa suka tafi, jan tsirkiya ya gagare shi. Sarkin baka ya aiko cikin ladabi cewa in farautar kaka ta zo bai harba ba, kwarin zai koma gidan ƙanin babanmu, don kwari ba ya zama inda babu mai ja.

Ni kuma Allah ya yi ni da mafarkin ido biyu. Na taɓa ganin wani soja yana ta harbi da bindiga bai tsaya ɗuri ba, abin ya zauna mini a rai. Ina gindin aduwa, gizago yana aiki, hankalina yana can sama, ina ganin kibau suna tashi a jere kamar jan-baki sun bar gonar gero. Na ce me zai hana baka ya yi haka?

Na kwantar da baka a kan guntun icce mai kwaroro, wato ɗan rami miƙaƙƙe inda kibiya za ta kwanta. A bisa na ɗaure ɗan akwati siriri, kibau kwance ɗaya kan ɗaya. Kibanmu dama kyauro ne zalla, babu gashin tsuntsu, sai su zame salin-alin. Na sa masa mariƙi: ka tura gaba ya kamo tsirkiya, ka jawo da tafin hannu ya saki, kibiya ta gaba ta faɗo da kanta. Ba ya kai nisan bakan gaske, amma na ce dafi zai ƙarasa aikin.

Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Wannan kuma turmin wace mata ne?"

"Inna, baka ne."

"To, Allah ya sa ya san haka."

Da sanyin safiya muka gwada shi a kan tsohon buzun rago. Kibau suka bi juna, tau, tau, tau! Yayana ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ni kuwa ƙafata ta bar ƙasa, har na fara jin makaɗa suna wasa ni daga Tanut zuwa Damagaram. Ba mu shafa dafi ba, don ba a shigo da shi gidan da yara ke rarrafe.

Ranar farauta yayana ya shafa wa kibau dafinsu, baƙi mai danƙo, ya jera su a akwati. Muka yi ta bin daji har rana ta take. Sai ga barewa. Ya tura, ya jawo, tsirkiya ta yi ƙara a banza. Ya sake, haka. Ashe zafi ya narkar da danƙon, kibau sun manne da juna kamar nakiya. Barewa ta dube mu ta yi gaba abinta. Maharba suka yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Yayana ya sauke bakan. Ya zauna, ya zaro wuƙa, ya yanke ɗaurin akwatin ya miƙo mini.

"Riƙe mafarkinka, ƙane. Bar mini mariƙin."

Ya ɗora kibiya guda a kwaroro da hannunsa. Da ya ga gada, ya yi ta jan ciki har sai da ya kusa jin numfashinta, sannan ya jawo. Kafin la'asar mun dawo da ita a kafaɗa. Sarkin baka ya juya abin a hannu, ya ce, "Ban san sunansa ba, amma ya kawo nama. Kwari yana gidansa."

Ba zan ɓoye ba, ran nan kowa yana murna, ni ina jin ciwon akwatina, kuma har yau in na rufe ido nakan ga kiban nan suna tashi. Sai da na manyanta na gane abin da ya faru. Ina ta faman ba yayana abin mamaki, alhali yatsu biyu kawai ya rasa, kuma su na sassaƙa masa ban sani ba. Da su ya yi ta farauta har furfura ta cika masa gemu.